Ranar da Ntate Sekoati Ya Goya Rago Bisa Doron Thaba Ntso

Mai girma Morena Lejaha, hakimin wannan kwari. Fasto Mothibeli da dattawan coci. Wakilan ƙungiyar masu kiwon tumakin ulu. Ƙanwata Mme Malikeleli, matar marigayi. 'Ya'ya da jikoki. Jama'ar Ha Lejaha baki ɗaya, ina gaishe ku. An kawo mini kujera, na gode, a mayar da ita. Na tsufa ina tsaye gaban aji, ba zan zauna ba a ranar da ake maganar marigayi Ntate Sekoati.

Ya kasance mai saurin dariya, mai jinkirin fushi. Ya kasance shugaban ƙungiyarmu tun rumfar askin tumaki ba ta da rufi. Ya kasance, a gafarce ni Fasto, na biyu wajen taurin kai a wannan kwari. Ta farkon ce take magana.

Matasanmu ba su san shekarar da masu sayen ulu suka juya mana baya ba. Suka ce gashin tumakinmu ya yi kaushi, ya fi dacewa da tsintsiya, alhali da ulun nan muke sa yara a makaranta. Gari ya haɗa ƙarfi domin a sayo rago mai kyakkyawan iri daga ƙasar fili. Guda ɗaya tak. Idan ya mutu a hanya, babu na biyu. Aka wakilta Sekoati, na ce zan bi shi. Dattawa suka ce ina ruwan mace da zaɓen rago. Na amsa musu cewa ba izini na nema ba, sanarwa na yi.

Da muka juyo, sai muka tarar kogi ya cika ya cinye mashigi, ga lokacin haɗa rago da tumaki ya gabato. Hanya ɗaya ta rage, ta doron tsaunin Thaba Ntso, inda doki ba ya bi. Muka bar dokinmu a hannun makiyaya, muka kama hawa. Waɗanda suka taɓa bi sun sani: gwiwa tana gaisawa da haɓa, ciyawar da za ka taka tana gaban hancinka. Shi kuwa ragon, ɗan gatan fili, ya ɗaga kai ya dubi tsaunin sau ɗaya, ya kwanta.

Sekoati ya ce, "Malama, wannan ba rago ba ne, minista ne. Sai an ɗauke shi."

Na ce, "To kai ne motarsa. Durƙusa."

Ya durƙusa, ya saɓa shi a wuya. Ni na ɗauki igiya da soyayyen garin masararmu. Haka muka yi ta rarrafe, yana nishi yana yi wa ragon kirari, har muka kai doron. Can kuwa hanya ba ta fi faɗin tabarma ba, rami a dama, rami a hagu, iska tana neman tsige mutum, ga dusar ƙanƙara ta fara sauka. An yi wa ragon aski kafin a sayar mana, don haka sai ya kama makyarkyata har idonsa na juyawa. Sekoati bai yi shawara da kowa ba. Ya cire bargon jikinsa, ya naɗe dabbar, ya soke da babban fil, ya sake saɓawa, daga shi sai riga.

Ina bayansa na ga abin da ya yi. Ratsin bargon a kwance yake! Kowa a nan ya san a tsaye ake sa ratsi, domin kwantar da shi yana tauye girman 'ya'ya da na dukiya.

Na daka tsawa, "Sekoati, tsaya! Ka kwantar da ratsi!"

Ya ce, "A nan, Malama? Ke da kike koya wa yara cewa duniya ƙwallo ce?"

Na ce, "Duniya ƙwallo ce, ratsi kuma a tsaye yake. Ba zan shiga gari da ragon da zai haifa mana zomaye ba."

Ya yi dariya har na ji tsoron mu uku za mu gangara. Amma ya durƙusa a wannan siririn wuri, na riƙe ƙaho, ya juya bargon da yatsun da sanyi ya kashe. Minista ya saka masa da shuri a ƙirji, iska kuma ta tafi da hularsa. Har yau tana can.

Muka sauko da ragon da ransa, mata suna guɗa. Ƙanwata, ke kaɗai ce ba ki yi guɗa ba. Kika dubi mijinki yana rawar ɗari kika ce, "Na aike ka da bargo, ka dawo ka ba kishiyata." Kin yi jinyar ƙirjinsa har damina ta wuce. Ba mu manta ba, kuma ba mu gode miki yadda ya kamata ba. Yau muna godewa.

Sauran labarin yana kan duwatsun nan yana kiwo. Masu saye suka dawo da ƙafarsu. Likeleli 'yar marigayi, ke da ƙannenki da tsararrakinku, da ulun zuriyar Minista kuka yi karatu. Kowace shekara kuma mahaifinki yakan rungumo ɗan ragon da ya fi tsawo, ya tsaya a ƙofar makaranta ya ce, "Malama, ga kimiyyarki."

Ranar jana'iza, Mme Malikeleli ta rufe akwatinsa da wannan tsohon bargo. Na ture mutane na matsa na duba. Ratsin a miƙe yake, daga kai zuwa ƙafa. Don haka kada hankalinku ya tashi a kan jikokin nan. Za su yi tsawo, za su wuce mu.

Na gode da kuka saurare ni. Ubangiji, wannan bawa naka ya goyi nauyin gari bisa tsauni, jikinsa babu mayafi. Ka sauke masa nauyinsa, ka lulluɓe shi da rahamarka, ka ba iyalinsa haƙuri. Amin.