Ƙanwar da Ta Daina Ɗaga Hannu

Mai girma shugaban taro, shugabar makaranta, malamanmu masu daraja, iyaye maza da iyaye mata, jama'ar da ta cika wannan zaure, assalamu alaikum.

Ina godiya da wannan dama. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma mariƙiyar 'ya'yan yayana mata biyu da ke aji ɗaya a nan. Wallahi da fargaba na tsaya gabanku, domin yau za ku yanke shawara kan dokar nan ta aji: wanda ya amsa daidai, shi zai ja kunnen wanda ya kasa.

Na farko, abin da aikina ya koya mini. Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye karatu shi kaɗai, tare take ajiye shi da abin da zuciya ta ji a lokacin. Idan tsoro ya shigo, jiki sai ya shirya gudu, hanyar tunawa kuwa ta toshe. Mu manya ma, a tsare mu da ido a ce mu faɗi lambar wayarmu, sai mu hau inda-inda.

Na biyu, abin da ya faru a gidana. Babbar takan karanto mini lissafinta tiryan-tiryan ina wanke-wanke. Ran nan malami ya tsayar da ita gaban allo, kanta ya ɗauke. Ƙaramar ta amsa, aka sa ta ja kunnen yayarta, aji ya fashe da dariya. Tun ranar, da malami ya ɗauki alli sai abin da babbar ta haddace ya bi iska.

Na uku shi ya fi tayar mini da hankali. Ƙaramar, wadda malamai ke alfahari da ita, ita ma ta fara faɗuwa. Mahaifinsu ya rantse in suka sake faɗuwa wannan zango, sun bar makaranta ke nan. Na zaunar da ƙaramar, na tambaye ta ko karatun ne ya yi tsauri. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Goggo, duk na san amsoshin. In na faɗa, kunnen Yaya za a sa in ja."

Malamai, ban zo zargin kowa ba, na san gyara kuka nufa. Amma dokar nan ta koya wa ɗaya mantuwa, ta koya wa ɗaya ɓoye saninta. Jarrabawa ta matso. Ina roƙonku, ina ƙara roƙonku, ku soke ta yau, kada a ɗage zuwa wani zama.

Allah ya kwantar da hankalin 'ya'yanmu, ya saka wa malamansu da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.