Daɓen da Aksel Ya Shimfiɗa

A ɗakin jira na mai gyaran ƙashin baya a garin Esbjerg, wani dattijo ya fito daga wajen likita, ya faɗa kujera kusa da wata mata.

"Baiwar Allah, ashe ƙafata ta hagu gajera ce!"

"Shi ne kake murna?"

"Tsaya ki ji! Likitar ta kwantar da ni rub da ciki, ta haɗa dugadugaina, ta ce ɗaya ta gaza da faɗin yatsa. Ta bi bayana da babban yatsa, gaɓa bayan gaɓa, tana isa ƙugu na saki ƙara. Ta danna, ƙas! Ta sake gwadawa, sun zo daidai!"

"Da ba ka taɓa lura ba?"

"Ina fa! Daɓen kicin na ɗora wa laifi. Ƙanena Aksel ya shimfiɗa mini katako, na ce a karkace yake. Ya ɗora ma'auni, ya nuna daɓen daidai yake, na ce ma'aunin ne ya lalace. Shekara shida ba ma ko gaisawa."

"Daɓen fa?"

"Na ɓalle shi, na sake da hannuna, sai da ƙafata ta ji daidai!"

Matar ta dubi ƙafafunsa.

"To, bawan Allah, yanzu da ƙafafun suka daidaita, yaya za ka yi da kicin?"

Dattijon ya ciro wayarsa daga aljihu.

"Kina ganin Aksel zai ɗaga waya?"

"Tura masa saƙo, ka ce ma'auninsa lafiya lau yake. Shi zai kira ka."