Sallamar da Umaima Ba Ta Amsa Ba

Nana Hauwa: Salamu alaikum. Maimuna, kina ji na?

Maimuna: Wa alaikumus salam, Yaya. Ina kwana?

Nana Hauwa: Lafiya lau. Ya mutanen unguwar Liman Abaji?

Maimuna: Duk lafiya. Ya ƙafar?

Nana Hauwa: Da sauƙi. Kwana biyu ba ki leƙo ba.

Maimuna: Hidindimu ne, Yaya.

Nana Hauwa: Da furfurarki kike min ƙarya? Fushi kike.

Maimuna: To, tunda kin tambaya. Jikarki Umaima ce. Na shiga ɗakinta na yi sallama, ta ɗaga min hannu kamar mai korar kaza. Ta ci kwalliya tana yi wa kwamfuta murmushi, ni ko kallo ban samu ba.

Nana Hauwa: Ina bayi lokacin. Da na ji, sai da na yi mata tatas.

Maimuna: Madalla.

Nana Hauwa: Ban gama ba. Tana kuka ta nuna min abin. Ashe mutane ne a ciki, shugabanninta na Abuja, suna ganinta suna jin komai. Aikin ke nan, daga ɗaki take yi. Ke ma sun gan ki.

Maimuna: Ni? A Abuja?

Nana Hauwa: Da ƙullin daddawa a hannu, da koɗaɗɗen mayafin nan naki.

Maimuna: Kai, Yaya.

Nana Hauwa: Kafin ke, mai nono ta yi mata talla a ƙofar ɗaki. Kafin mai nono, akuyata ta faɗa ɗakin. Ogan ya ce ofis ba kasuwa ba ne. In aka kuma, ta koma zuwa Abuja kullum ko ta ajiye aikin. Kin san cunkoson motoci a Mararaba, hanyar Abuja. Fita da asuba, dawowa bayan isha'i, ga jariri yana shan nono.

Maimuna: Allah sarki. Ban sani ba. Amma Yaya, ke kika koya mana ba a ƙin amsa sallama.

Nana Hauwa: Har gobe. Shi ya sa nake amsawa a madadinta. Na shimfiɗa tabarma a zaure, sandata a gefe. Duk wanda ya shigo, ni zai gaisar, a nan zai tsaya. Akuya kuwa na ɗaure ta a bayan gida.

Maimuna: Kin zama maigadi ke nan.

Nana Hauwa: Ki kira ni duk abin da kike so. Ki zo bayan la'asar, za ta durƙusa ta ba ki haƙuri. Ɗaga hannun nan ban yafe mata ba.

Maimuna: Ai na huce. Bari ma in taho yanzu in...

Nana Hauwa: Yanzu tana taro. In kin zo, gefena za ki zauna, kuma ki rage murya. Tsaya. Ke mai nono, ina za ki? Dawo nan, ni za ki gaisar. Maimuna, sai kin zo.