Kwalin Sukarin da Na Yi Ta Nema wa Rahila

'Yan'uwa, na gaishe ku cikin sunan Yesu, wanda ya tara mu da safen nan. Ni ne Ishaya, tsohon tela. Matasa sun san ni da farin gemu ne kawai, ba su san abin da na yi wa matata Rahila ba da hannuna, ina ganin taimako nake yi.

Muna zaune a garin Sokode, kusa da unguwar Zango, ciwo ya kama ta. Ba zazzaɓi, ba kumburi. Wuya, kafaɗu, ƙugu, gwiwoyi, ko'ina ciwo. Ko zani ya matse ta sai ta yi tsaki. Ta kwana, ta tashi a gajiye kamar wadda ta yini a gona. A asibiti aka auna jini, aka ce ba a ga kome ba.

Kun san al'adarmu a nan. Ba a zuwa gaida mara lafiya hannu sake, sai da kwalin sukari da gwangwanin madara. Ga shi ni dattijon ikkilisiya ne, kowa yana so a ga ya zo gaida matata. Kwalaye suka taru har bisa keken ɗinkina. Ni kuwa tun ina yaro na ji sukari ƙarfi ne. Koko da safe in zuba, shayi da rana in zuba, in ta kasa cin tuwo in buɗe mata lemon kwalba.

Wata rana ta ture kofin, ta ce, "Maigida, in na sha abin nan jikina nauyi yake ƙarawa."

Na ce, "Abin da masu bi suka kawo da addu'a za ki raina? Shanye."

Ta shanye. Rahila ba ta iya musu ba.

Sai ƙasa ta rikice da maganar jam'iyyu. Aka shiga dogon yajin aiki, matasa na ƙona tayoyi a kan titi, sojoji na bi unguwa-unguwa. In an yi gudu kowa ya gudu, ban da Rahila, wadda ko ƙofar gida ba ta kaiwa. Maƙwabcinmu, wani Alhaji mai fataucin shanu, ya ce motarsa za ta Arewa ba kaya. Muka shimfiɗa mata katifa a baya, muka nufi Dapango wajen ƙanwarta Hannatu, wadda ke auren wani manomi ɗan ƙabilar Moba a bayan gari. Don gaggawa na bar kwalayen nan duka a Sokode.

A Dapango kantuna a rufe, sukari ya ɓace. Hankalina ya tashi. Na kasa zama, na kasa cin abinci. Gani nake in ba sukari matata za ta mutu. Kullum gari ya waye na fita, daga tasha zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa gidajen 'yan tireda. Har kasuwar Nano na je a bayan keken wani. A wani shinge soja ya sa ni tsallen kwaɗo da furfurata, don bai yarda sukari kaɗai ya fito da ni ba.

Ita kuwa Rahila tana cin abin da gidan ke ci: tuwon dawa, miyar kuka, wake, gyaɗa, kunun tsamiya ba zaƙi. Ban lura da kome ba, don ba na gida.

Bayan makonni, wani direba da ya fito daga kan iyaka ya sayar mini da kwali ɗaya. Na rungumo shi cikin riga na dawo. Ina shiga sai na ga Rahila a tsaye, da tsintsiya a hannu, tana share gindin rumbu.

Na ce, "Allah ya ji kukana, ga shi kuma ya ba mu abin ƙara ƙarfi."

Hannatu, wadda ke tsokanata da kiran mijinta kamar yadda ƙannen mata ke yi, ta ce, "Mijina, wadda ta tashi ba da shi ba, me za ta yi da shi?"

Na ce, "Ke dai tuƙa tuwonki."

Na koma ba Rahila sukari kamar dā, safe da rana. Kwalin bai ƙare ba Rahila ta koma tabarma, tana kuka in an juya ta.

Hannatu ta same ni a ƙofar ɗaki, babu wasa a fuskarta. Ta ce, "Yaya ta gaya mini ta taɓa faɗa maka. Kai kana jin kowa a ikkilisiya, ita ce ba ka ji."

Na zaga bayan rumbu da tsakar rana, na durƙusa a ƙasa mai zafi. Ban iya addu'a mai tsari ba. Na ce, "Ya Yesu, na gaji da yawo. In ni ne ke ƙara mata, ka nuna mini." Ban ji murya daga sama ba. Muryar Rahila na ji, ranar da ta ture kofi. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

Na shiga na ce, "Rahila, ki gafarta mini. Me jikinki ke so?"

Ta ce, "Wake. Kuma ka zauna, yawonka ma yana gajiyar da ni."

Na zauna. Ragowar sukarin Hannatu ta raba wa maƙwabta. Sannu a hankali Rahila ta sake miƙewa.

Shekaru bayan haka wani likita ya faɗa mana sunan ciwon, fibromiyalji. Ya ce ba ya warkewa ɗungum, kuma abinci ba ya yi wa kowa iri ɗaya, amma akwai waɗanda zaƙi ke tayar musu da shi. Gaskiya ne, har yau in ta yi rashin barci ko damuwa ta yi yawa, yakan motsa, tana kuma shan maganinta. Ba zan tsaya gaban Allah in ƙara gishiri ba.

Da muka dawo Sokode, shugabar zumuntar mata, Mama Tabita, ta zo sannu da zuwa da kwali a ƙunshe. Na ce mata a'a, na faɗi dalili. Ta dube ni ta ce, "Baba, wa ya koya mana kawo shi in ba kai ba?" Washegari ta dawo da kwanon wake.

Don haka, 'yan'uwa, ku dogara ga Ubangiji, ku kuma saurari marasa lafiyarku, domin wani lokaci amsar addu'arku tana bakinsu. In za ku je gaisuwa, ku tambaya kafin ku saya.

Godiya ta tabbata ga Yesu! Yau da ƙafarta ta zo daga gida, ta ma riga ni isowa. Rahila, tashi su gan ki.