Ɓawon Kofi da Tsintsiyar Mama

A tashar motar Fredonia, tsoho Nicanor mai aikin lambu yana zaune kan buhunan ɓawon kofi, sai wata mata ta tsaya a gabansa.

"Baba, kai ne mai rufe gindin furanni da wannan abin?"

"Ni ne, 'yata. Ƙasa ta riƙe laima, ciyawa ta mutu."

"To ka zo gidan mahaifiyata. Amma ka sani, mutum biyu sun zuba kafin kai, duk ta share."

"Ta share?"

"Tas! Wai bola ce. In ba ta ga ƙasa fes ba, a ganinta an zubar mata da mutunci a unguwa."

Nicanor ya yi dariya, don tasa uwar ma haka take.

"Da sauƙi. Zan zauna in yi mata bayani."

"A'a! Kar ka soma."

"Ikon Allah! Asarar aikina kike so?"

Matar ta kau da kai, ta gyara jakarta.

"Tun da babanmu ya rasu ta daina tashi daga gado. Washegarin da na farkon ya zuba, ƙarar tsintsiya ce ta tashe ni. Tana shara tana zaginsa, har ta nemi abinci."

Nicanor ya shafa buhun.

"To zan baza shi har bakin ƙofa. Kuma ki faɗa mata sunana Nicanor, ta san wanda za ta zaga."