Turken da Ya Yi Tafiya

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni manomi ne daga Kafin Soli. Masu haƙar burji, ƙasar da ake zuba wa hanya, sun ci ƙasa har bakin gonata, muka kai kuka ƙaramar hukuma. Wakilinta ya zo ya kafa turke, ya ce kada tifa ta wuce nan. Bayan kwana uku, sai ga turke tsakiyar gyaɗata! Direba ya ce, "Baba, ai ba mu wuce turke ba." To su sani, layin gamba da mahaifina ya dasa shi ne iyaka, kuma shi ba ya tafiya. Gobe a nan zan shimfiɗa tabarmata. Masu sauraro, ina neman shawara, amma kada wanda ya ce in tashi.