Jemage da Farar Hula

A tashar mota, ƙarƙashin wata tsohuwar bishiya, jemage ya sako wa wani fasinja kashi a farar hula.

"Haba! A sare bishiyar nan kowa ya huta!"

Mai sayar da ruwa ta ce, "Yi haƙuri, Malam, jemagun nan 'yan gudun hijira ne. Da a kurmin bayan gari suke. Waɗannan kaɗai suka rage."

"Wane kurmi, Iya? Can ai ko inuwar tsayuwa babu. Ni da na gama..."

Sai ya ankara bakinsa ya suɓuce. Ya tura buhunsa ƙarƙashin benci da ƙafa, amma haƙoran injin yanka katako sun riga sun leƙo.

Ta dube su, ta ɗaga kai sama.

"Ashe ba kuskure ya yi ba. Gane ka ya yi."